Minti 94 na boka, minti 6 na fasto

Karatu: Markus 5:1-20, Yohanna 9:1-7, Ayyukan Manzanni 16:16-24



Asabar ɗin da aka kawo fim ɗin nan gidan kallon da kuka saba zuwa kallon ƙwallo a cikin garin Bagudo, matasanmu 23 ne suka shiga. Mun san adadin domin mu ma muna ciki, a bencin baya kusa da ƙofa, mu da ɗaya daga cikin dattawan ikkilisiya. Wasunku sun hango mu suka sunkuyar da kai, wani ma ya ja hula ya rufe fuska har aka tashi. Ku kwantar da hankalinku. Ba ɗaukar sunaye ya kai mu ba, kuma ba wanda za a kira gaban dattawa saboda ya je. Mun biya naira 500 kamar kowa, gama ba ma so mu yi magana a kan abin da ba mu gani da idonmu ba.

Domin waɗanda ba su je ba, ga labarin a taƙaice. Wani ɗan acaɓa ne talauci ya ishe shi, abokinsa ya tsallaka da shi iyaka zuwa Benin wurin wani boka, aka sa shi cikin ƙungiyar asiri, aka ce ya kawo ƙanwarsa. Ya kawo ta. Kuɗi suka yi ta zuba, ya gina bene, ya sayi mota. A unguwarsu kuma akwai wata tsohuwa baƙuwa mai sayar da ƙosai, wadda da dare take rikiɗa ta zama mujiya, ita ce ke kai wa ƙungiyar labarin wanda za a ci. Can kusa da ƙarshe fatalwar ƙanwar ta hana shi barci, ya haukace, sai ga wani fasto da farar kwat ya ɗaga Littafi Mai Tsarki ya yi tsawa, wuta ta cinye boka, aka rubuta godiya ga Allah a allo. Dattijon da muke tare yana da agogo, kuma mutum ne da ba ya barin lissafi. Fim ɗin minti 100 ne. Fasto ya sami 6.

Bayan an kunna fitila sai daraktan ya fito gaba, matashi ne mai fara'a da ladabi, ya ce a yi masa tambayoyi. Wannan sashen ne ya fi fim ɗin amfani, da a ce kun saurara da kyau. Tambayoyin farko duk na mamaki ne: yadda aka yi jinin, yadda tsohuwar ta zama tsuntsu. Ya yi dariya ya ce jinin kalar abinci ce da zuma, mujiyar kuwa aikin kwamfuta ne. Wani ya tambaye shi ko ya je wurin bokan ne da kansa ya ga yadda ake yi. Ya ce bai taɓa tsallaka iyakar Benin ba, a bayan garinsu aka ɗauki dajin, kuma ya sa sunan Benin ne domin masu kallo sun riga sun ji tsoron sunan, ba sai ya sha wahalar gina tsoron ba. Sai wata 'yarmu daga ƙungiyar mawaƙa ta miƙe, muryarta na rawa, ta ce me ya sa kullum tsohuwa ce mayya, ba a taɓa sa mai kuɗi mai babbar riga ba. Aka yi mata ihu. Shi kuwa bai yi ihu ba. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce haka kasuwa take so. Da dattijonmu ya tambaye shi dalilin kawo fasto a ƙarshe, ya amsa cewa in ba a rufe da addu'a ba iyaye ba sa barin yara su kalla.

Mun gode wa saurayin nan, kuma muna yi masa addu'a. Ya faɗi gaskiyar sana'arsa a gaban jama'a, abin da masu wa'azi da yawa ba sa iya yi game da tasu. Ya gaya muku da bakinsa cewa tsoronku shi ne jarinsa, ƙasar maƙwabtanku kayan aikinsa ce, sunan Ubangijinku kuwa tikitin shiga gidajenku ne. Kuka tafa masa.

Mun san amsar da ke bakinku: ai fim ne kawai, Fasto. Bari mu fara da abin da muka yarda da ku a kai. Ba ma cikin masu cewa aljani yana fitowa daga allon majigi ya shiga mai kallo, kuma ba za mu yi wa kowa addu'ar fitar da aljanu domin ya kalli kalar abinci da zuma ba. Wanda ke na Almasihu ba ya zama abin wasan Shaiɗan saboda ya zauna a benci minti 100. Abin da ke fitowa daga allon koyarwa ce, kuma koyarwar ta fi aljanin da kuke tsammani daɗewa a jiki. Ku lissafa da kanku. Wa'azin Lahadi minti 40 ne, a cikinsa ma wasu na gyangyaɗi. Nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako ba ma samun rabinku. Amma irin waɗannan finafinai suna cikin wayoyinku, ana tura wa juna su kyauta, ana kallo har batir ya mutu. To wa ke koya muku tauhidi a cikin mako, mu ko su?

Mu da muka haura shekara 40 ba za mu yi muku fankamar tsarki ba, domin a kan idonmu aka haifi wannan salon. A 1992 ne Kenneth Nnebue ya fitar da Living in Bondage cikin harshen Ibo, Chris Obi Rapu ya ba da umarni, aka sayar da shi a kaset ɗin bidiyo, kuma da yawa suna ƙirga farkon kasuwar finafinan Najeriya daga wannan fim ɗin. Mun kalle shi muna yara a falon maƙwabta, a zaune a ƙasa. Labarin Andy ne, wanda ya ba da matarsa Merit ga ƙungiyar asiri domin ya yi arziki, ya yi arzikin, fatalwarta ta haukata shi, daga baya aka kai shi majami'a ya sami kuɓuta. Kun ji kamar kun san labarin? Shi ne kuka biya naira 500 kuka sake kallo, an dai canja wa Andy riga an ba shi babur. A 2019 ma Ramsey Nouah ya fitar da ci gabansa, da motoci masu tsada da jirgin sama. Shekara fiye da 30 ke nan ana gaya wa 'ya'yan ƙasar nan abu ɗaya.

Ku lura da abin da ake gaya musu. Kowane fim ɗin yana cewa kuɗin tsafi mugun abu ne, ƙarshensa hauka. Amma babu wanda ke cewa ba ya aiki. A cikin dukan waɗanda muka kalla, ba mu taɓa ganin an yanka mutum sannan aka wayi gari akwatin babu ko sisi ba. Kullum kuɗin suna zuwa. Yaron da ba shi da aiki, wanda aka rufe wa iyaka a watan Agusta na 2019 ya ga ɗan cinikin da yake yi ya mutu a hannunsa, ba haukan ƙarshe yake riƙewa ba. Benen yake riƙewa. Yana kuma gaya wa kansa cewa shi zai fi Andy dabara, in abin ya ɓaci ai akwai fasto a minti na 94.

Wannan ƙarya ce, kuma ya kamata a faɗe ta a kan bagade da sunanta. Jinin mutum ba ya zama naira. Babu ƙwaryar da ke haifar takardar kuɗi mai lambar Babban Banki. Abin da ke faruwa shi ne a kashe 'yar mutane, boka ya karɓi nasa, wanda ya yi kisan ya ƙare a hannun hukuma da talaucinsa yadda yake. A watan Janairu na 2022 wasu samari a Abeokuta, yara sa'o'inku, suka kashe wata yarinya domin kuɗin tsafi, 'yan sanda suka ce samarin sun shaida musu cewa a Facebook suka samo yadda ake yi. Ba su sami ko kwabo ba. Abin ya girgiza ƙasa har Majalisar Wakilai ta yi zama a kai a watan da ya biyo, kuma a watan Mayu na 2024 hukumar tace finafinai ta ƙasa, ƙarƙashin Dokta Shaibu Husseini, ta sanar da ƙa'idar hana ƙawata tsafin kuɗi a finafinai. Ba mu ce fim ne ya riƙe wuƙar ba. Zunubi daga zuciya yake fitowa. Amma wani ne ya shekara 30 yana tabbatar wa zuciyar cewa hanyar tana ɓullewa.

Yanzu kuma mu juyo gida, gama laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Fim ɗin da ya fi kowanne barin tabo a irin wannan salon ba daga hannun 'yan kasuwa ya fito ba, daga ikkilisiya ya fito. A 1999 Helen Ukpabio, mai wa'azi a Kalaba, ta fitar da End of the Wicked, wanda ya nuna ana kiran kurwar yara da dare zuwa taron mayu, suna cin naman mutane, suna jawo wa iyayensu masifa. An nuna shi a majami'u a matsayin bishara. A shekarun da suka biyo baya aka yi ta samun yara a Akwa Ibom da Kuros Riba waɗanda iyayensu suka kore su, wasu aka ƙona su, wasu aka yi musu dukan kawo wuƙa, da sunan wai mayu ne. A 2008 wani gidan talabijin na Ingila, Channel 4, ya nuna wa duniya waɗannan yaran, a shekarar kuma jihar Akwa Ibom ta kafa dokar da ta mai da kiran yaro maye laifi. Ita mai fim ɗin ta musanta cewa aikinta ne ya jawo haka, kuma tsoron maita ya girme ta, wannan gaskiya ne. Amma tambayar da ta dame mu tun muna makarantar tauhidi ita ce: yaya aka yi fim ya cika da sunan Yesu daga farko har ƙarshe, amma abin da ya bari a zuciyar uba shi ne ya dubi ɗansa ɗan shekara 7 da tsoro? Saboda haka kada wani ya zo mana da cewa fim ɗin Asabar ai na Kirista ne tunda fasto ya ci nasara. Rufe tukunya da faifai mai kyau ba ya canja abin da aka dafa.

Da a nan maganar ta tsaya, da mun bar ta sai ranar nazari. Abin da ya sa muka rubuta shi ne abin da ya biyo baya a cikinmu.

Akwai wata uwa a zumuntar mata, ba sai mun faɗi sunanta ba. Aure ne ya kawo ta daga wajen Segbana tun kafin a haifi yawancinku. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa. Ƙosai take soyawa. Hausarta har yau da ɗan gargada, kuma tsufa ya sa wani lokaci takan yi magana ita kaɗai. Kwana 2 bayan fim ɗin, wasu samarinmu suka fara kiranta da sunan tsohuwar cikin fim. Da wasa, in ji su. Wanda ya wuce ta sai ya yi kukan mujiya, sauran su fashe da dariya. Kafin Lahadi ƙannenku na makarantar Lahadi sun ɗauka, su kuwa yara ba su san wasa ba, suka daina karɓar ƙosanta ko kyauta ta ba su. A makon nan ne zazzaɓi ya kama wani jariri har ya yi jijjiga, sai muka ji an fara raɗa cewa Mama ta ɗauke shi a sujada ta yi masa wasa. Mun gode Allah uban yaron bai saurara ba, ya kai shi asibiti, aka gwada aka ga zazzaɓin cizon sauro ne, abin da duk wanda ke zaune a bakin Kwara ya san shi kamar yunwar cikinsa. Yaron ya warke. Mama kuwa Lahadi 2 ke nan ba ta zo sujada ba. Da muka je gaishe ta, ta ce ƙafa ce ke damunta. Ba ta dube mu ba da ta faɗa.

Ku da kuka tashi a nan kun san inda irin wannan raɗa take ƙarewa. Kun ji labarin yadda ake jawo tsohuwa a tilasta mata ta tsallaka maras lafiya wai ta sake masa kurwa, kun san wasu ba sa tashi daga dukan da ake yi musu. Dokar ƙasa ma ta ɗauki jifan mutum da maita a matsayin laifi. Da a ce jaririn nan bai tashi ba, ina kuke tsammani dariyarku za ta kai? Wannan matar ita ce ta yi girkin bikin iyayen wasunku. Tare muke cin Jibin Ubangiji da ita, daga faranti ɗaya.

Batun Benin kuma abin kunya ne a bakinmu fiye da bakin kowa. Mutumin Legas ko na Jos yana iya jin an ce an tsallaka iyaka ya hango duhu da ƙwarya da jan ƙyalle, domin bai san wurin ba. Mu fa? Mu da muke haye gadar Tuga mu bi ta Kaoje mu kai Tsamiya, mu da ke da dangi a Lolo da Illo waɗanda gonarsu ma wani lokaci tana wancan gefen? Mutanen Segbana manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, masu jin Dandanci da Fulatanci da harshen Boko na mutanen Bargu, harsunan da ake yi a wannan gefen namu. Akasarinsu Musulmi ne, akwai kuma 'yan'uwanmu masu bi, gama mishan ɗin SIM da ECWA ta fito daga aikinsa ya yi aiki a arewacin Benin, ikkilisiyar UEEB ta can kuma daga wannan aikin ta tsiro. Gaskiya ne akwai addinin Vodun a Benin, ana yi masa biki a watan Janairu a Wida, can bakin teku, tafiyar ɗaruruwan kilomita daga nan. Masu bokanci kuwa akwai su a can, akwai su a nan, wasu ma kun san ƙofar gidansu. Mutumin da bai taɓa taka ƙasar ba ya zo garinku ya sayar muku da tsoron kawunnanku da gwaggwanninku, ku da kuka san su kuka saya.

Kada wani ya fita ya ce Fasto ya ce babu Shaiɗan. Akwai shi, akwai mugayen ruhohi, kuma Littafi Mai Tsarki ya hana mu duba da sihiri da neman matattu hani mai tsanani. Amma ku buɗe karatunmu na yau ku ga yadda Maganar Allah take ba da irin wannan labari. A Markus 5 akwai duk abin da mai fim zai so: kaburbura, sarƙoƙin da aka tsinke, ihu da dare, aladu wajen 2,000 da suka ruga cikin teku. Amma babu kokawa. Tun daga nesa aljanun ne ke roƙo, izini suke nema. Markus bai tsaya nuna mana fuskarsu ba, hankalinsa yana kan mutumin: an same shi ya natsu, da riga a jikinsa, hankalinsa ya dawo, Yesu kuma ya mai da shi gida wurin danginsa. Labarin ya fara da mutumin da gari ya kora, ya ƙare da an komar da shi cikin mutane. Namu ya fara da mace a cikin mutane, ga shi muna korar ta.

A Yohanna 9 almajirai suka ga makaho, nan da nan suka shiga neman mai laifi, ko shi ko iyayensa. Ubangiji ya ƙi duka biyun, ya buɗe masa ido. Ku bincika Bisharu 4 ɗin nan daga farko har ƙarshe, ba za ku sami wuri ɗaya da Yesu ya tsaya a kan maras lafiya ya nuna wata tsohuwa ko wani yaro ya ce ga wanda ya kama shi ba. Wanda ya samo, ya kawo mana.

A Filibi kuma, baiwar nan mai ruhun duba, Bulus da magana ɗaya ya sallami ruhun, Luka bai ɓata ko aya 2 a kai ba. Inda ya daɗe shi ne a kan iyayengijinta, waɗanda ke cin riba da halin da take ciki, waɗanda suka sa aka yi wa Bulus da Sila bulala aka kulle su da suka ga hanyar kuɗinsu ta toshe. Tun wancan zamani akwai mai cin abinci da tsoron mutane. Wani da ƙwarya yake ci, wani da majigi, wani kuma, mu faɗa da kunya, da makirufo da man shafawa a daren addu'a, yana gaya wa mace cewa uwar mijinta ce ta ɗaure mata mahaifa.

To zunubi ne a kalli fim mai ban tsoro? Ba za mu kafa muku dokar da Allah bai kafa ba, kuma ba mu da 'yan sandan da za su bi wayoyinku. Bulus bai hana Korantiyawa sayen nama a kasuwa ba, ya dai sa su duba abin da 'yancinsu ke yi wa ɗan'uwa. Ga abin da naku ya yi: kujera ɗaya babu kowa a layin zumuntar mata. In za ku kalla, ku kalla kamar 'yarmu da aka yi wa ihu, wadda ta zauna minti 100 ba ta miƙa wa allo hankalinta ba. A cikin ku 23 ita kaɗai ta yi tambayar da ta sa daraktan shiru.

Mun kuma karanta wasan kwaikwayon da kwamitinku ya kawo domin Kirsimeti. Shafi 11 ne. A shafi 9 daga ciki bokaye ne ke magana, an ma rubuta a nemo baƙin zane da gawayi da kan akuya, mai wasan tsohuwa kuma an ce ta riƙa gurɓata Hausa. Mun mayar wa shugaban zumunta da shi. A sake rubutawa daga Markus 5, a ba mutumin da aka warkar da komawarsa gida rabin lokacin, za mu zauna da marubutan ranar Laraba bayan nazari.

Shinkafar Mama ta nuna, ba ta da mai yanka mata. Asabar mai zuwa da ƙarfe 7 na safe za mu haɗu a ƙofar majami'a, kowa ya zo da laujensa, 'yan mata su zo da buhuna. Ranar Lahadi kuma mawaƙa za su biya ta gidanta su rako ta sujada. Wanda ya fara kiran sunan nan ya san kansa, mu ma mun san shi. Ba ma so ya bari sai Asabar ya ɓuya cikin taro. Ƙofarmu a buɗe take har ƙarfe 9 na dare, ya zo mu raka shi.